HA'INCI: ASALIN KALMAR DA NAUYINTA A WUYAN MA'AIKACI

  



Abin da ya jawo maudu'inmu na yau wata 'yar gardama ce da ta taso bayan karatun da ya gabata. A wancan zama mun kawo misalin ma'aikacin da yake sa hannu a rajista da ƙarfe takwas na safe, ya ajiye hularsa a kan tebur domin a san ya zo, sannan ya fice ba a sake ganin ƙeyarsa sai gab da tashi. Muka ce wannan ha'inci ne. Bayan an watse sai wani ɗan uwa, wanda ma'aikaci ne kuma ba ya fashin karatu, ya tare mu a bakin ƙofa ya ce: "Allah gafarta Malam, kalmar nan ta yi nauyi. A ce sakaci mana, ko a ce kasala. Ha'inci ai sai maci amana." Muka roƙe shi ya yi mana haƙuri zuwa yau, domin tambayarsa ta ilmi ce, kuma mun tabbata ba shi kaɗai take damu ba. Idan mun ɗora wa mutane sunan da ya fi laifinsu girma, to mun zalunce su, wajibi ne mu janye. Idan kuwa sunan ya zauna daidai, to akwai maganar halascin albashin da da yawa daga cikinmu suke ciyar da iyali da shi. Saboda haka sai mu bi kalmar tun daga tushenta.

Daga ina ta zo?

Ha'inci ba haifaffiyar Hausa ba ce, baƙuwa ce da ta zo tare da karatun addini ta zama 'yar gida. Asalinta kalmar Larabci ce, kha'in, wato mai aikata khiyana. Harshen Bahaushe ba shi da harafin kha'un, don haka duk inda ya gamu da shi yakan sassauta shi ya koma ha. Ta haka khuɗba ta zama huɗuba, khalifa ya zama halifa, khidma ta zama hidima, khalwa ta zama halwa, al-khamis ta zama Alhamis, al-khair ya zama alheri. Kha'in ma ya bi sahu ya zama ha'ini. Wannan ɗan tsayawar murya da muke yi a tsakiyar kalmar, wadda ake rubuta ta da waƙafi a sama, hamzar Larabci ce. Ɗaliban sarfu sun san cewa asalinta wawun ne, domin tushen kalmar haruffa uku ne: kha'un, wawun, nunun, sai wawun ya juye hamza kamar yadda ya juye a cikin ƙa'il da sa'im.

Da ha'ini ya samu wurin zama, sai Hausa ta yi masa abin da ta saba yi wa baƙi irinsa, ta liƙa masa ɗafin da take fitar da sunan hali da shi. Daga jahili aka sami jahilci, daga kafiri kafirci, daga azzalumi zalunci, daga munafuki munafunci, daga ha'ini kuma ha'inci. Ba ta tsaya nan ba, ta ƙera masa aikatau: a ha'inci mutum, ya ha'ince ni, an ha'ince mu. Ta kuma fitar da maha'inci da jam'insa maha'inta, har ma wannan sabon suna ya fi ha'ini yawo a bakin jama'a. Kalmar da ta haifi 'ya'ya haka a cikin harshe, ta daɗe a cikinsa ke nan.

Yanzu sai ma'anar tushen. Malamin lugga Ibn Faris, wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, ya bi wata hanya a ƙamusunsa Maƙayisul Luga, ita ce mayar da kowane tushe zuwa ga ma'anar da duk rassansa suke ɗiba daga gare ta. Da ya zo kan waɗannan haruffa uku sai ya mayar da su ga ma'ana guda, ita ce ragewa. Zamakhshari, wanda ya rasu a 538, ya tafi a kan haka cikin tafsirinsa Al-Kashshaf, ya sanya khiyana kishiyar cikawa. Mun san aƙidarsa ta Mu'utazilanci ce kuma ba ma binsa a kanta, amma a fagen harshen Larabci ba a ja da shi. Shi kuwa Ragib Al-Asfahani a cikin Al-Mufradat ya nuna cewa khiyana da munafunci 'yan gida ɗaya ne: idan ta fuskar alkawari da amana ake magana sai a ce khiyana, idan ta fuskar addini ne sai a ce munafunci, kuma ya sanya ɓoyewa cikin ma'anarta.

To, 'yan uwa, ku riƙe waɗannan abubuwa uku, domin a kansu sauran maganar za ta hau: akwai wani haƙƙi da aka damƙa wa mutum, sai ya rage shi, kuma ya rage shi a ɓoye. Wanda ya ƙwace maka abu da rana tsaka azzalumi ne. Wanda ya fasa maka ɗaki da dare ɓarawo ne. Maha'inci kuwa kai ne ka ba shi mabuɗin da hannunka.

A cikin Alƙur'ani

Ɗan uwanmu yana da gaskiya ta fuska ɗaya: kalmar tana da nauyi a Littafin Allah. A aya ta 27 cikin Suratul Anfal an hana muminai aikata khiyana ga Allah da ManzonSa da kuma amanonin da ke tsakaninsu. Malaman tafsiri da dama sun danganta saukar wannan aya da abin da ya faru ga sahabi Abu Lubaba (R.A.) lokacin da aka yi wa Banu Ƙuraiza ƙawanya a shekara ta 5 bayan Hijira. Sun nemi a turo musu shi domin su yi shawara da shi, saboda tsohuwar hulɗa da ke tsakaninsu. Da suka tambaye shi ko su sauko a kan hukunci, sai ya yi nuni da hannu zuwa maƙogwaronsa. Nuni ne kawai, bai ɗauki dirhami ɗaya na kowa ba. Amma tun bai ɗaga ƙafa daga wurin ba ya gane ya fitar da abin da bai kamata ya fitar ba. Ya wuce kai tsaye masallaci ya ɗaure kansa a jikin ginshiƙi, ya yi kwanaki a haka har aka karɓi tubarsa, Manzon Allah (S.A.W.) ya kwance shi da hannunsa. Alhazanmu da suka shiga Rauda a Madina sun ga ginshiƙin da ake kira da sunansa, ana kuma ce masa ginshiƙin tuba.

A Suratun Nisa'i, daga aya ta 105 zuwa ta 107, kalmar ta zo a kan mutanen gidan Ubairiƙ, waɗanda aka yi sata daga cikinsu suka ɗora wa wani wanda bai ji ba bai gani ba, danginsu kuma suka zo suna kare su, aka hana Annabi (S.A.W.) tsaya wa irinsu. A Suratu Gafir aya ta 19 an jingina ta ga idanu, wato satar kallon da mutum yake yi idan ya ga hankalin jama'a ya kau daga kansa. Ku lura da wannan na ƙarshe, domin shi ne ya fi kusa da maganarmu: aiki ne ɗan ƙarami, wanda ba ya faruwa sai an daina kallon mai yinsa. Haka nan hadisin Abu Huraira (R.A.) da Bukhari da Muslim suka fitar a kan alamomin munafuki guda uku, da wannan aikatau ɗin aka siffanta ta ukunsu, wadda ta shafi amana.

Da marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya zo kan ayar Anfal a tarjamarsa ta Hausa, kalmar yaudara ya zaɓa. Masu tafsirin Ramadan kuma sau da yawa mukan ji sun ce cin amana. Wannan yana nuna mana wani abu game da yadda Hausa ta rarraba kayan da ke cikin kalmar Larabci guda ɗaya.

Yadda Bahaushe ya sauko da ita gona

Idan amanar babba ce kuma a fili take, kamar ajiyar kuɗi, ko sirrin aboki, ko matar maƙwabci, Bahaushe yakan ce cin amana. Idan da daɗin baki aka ruɗi mutum, yakan ce yaudara. Idan kaya ne aka gauraya mai kyau da marar kyau, kamar ruwa a nono ko tsakuwa a gero, yakan ce algus, ita ma daga Larabci, al-gish. Sai ya ɗauki ha'inci ya kai ta inda ake aiki da gumi. A nan ne ta fi zama, kuma a nan ne ta riƙe ma'anar ragewa fiye da kowace 'yar uwarta.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago a gona ya san abin da muke nufi. An yi jinga a kan noman gona kaza. Mai gona ya zo da la'asar ya tsaya a bakin iyaka, ya ga kunya ta yi fes, ya biya. Bayan kwana huɗu aka yi ruwa, sai ga ciyawa ta taso kore shar a tsakiyar gona, domin ba a nome ta ba, ƙasa aka ja aka rufe ta. Ba zai ce an yi masa sata ba, ba zai ce an yaudare shi ba. Abin da zai ce shi ne: "Yaran nan sun yi mini ha'inci." Haka magini da ya rage siminti ya ƙara yashi a inda shafe zai rufe. Haka tela da ya yi ɗinki ɗaya a hammata inda ya kamata ya yi biyu. Haka makaniken da ya wanke tsohon ƙarfe ya mayar. Haka mai gadi da ya shimfiɗa tabarma da zarar fitilar ɗakin maigida ta mutu. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, aikin yana nan a ido, lada ya fita cikakke, abin da aka rage kuwa yana inda ba a dubawa. Shi ya sa tagwayen ha'inci a bakin Hausawa shi ne aikin ganin ido.

Malaman fiƙihunmu ba su jahilci wannan hali na ɗan Adam ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta wurin da Risala ta Ibn Abi Zaid Al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 386, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka tafi da su bayan idon mai su. Asali wanda aka amince wa ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa in ba da sakacinsa ba. Amma Malikawa suka fitar da tela da marini da maƙeri da ire-irensu daga wannan asali, saboda mutane ba su da makawa sai sun kai musu kaya, kuma da an bar abin a kan "ya ɓace" kawai, da dukiyar jama'a ta ƙare.

Maƙwabtanta

Ɗan uwanmu ya ba mu zaɓi, ya ce a ce sakaci ko kasala. To bari mu auna su. Kasala ma daga Larabci take, amma a Hausa mutuwar jiki ce; mai zazzaɓi yana jin kasala, mai azumi da rana yana jin kasala, ba a zarginsu. Sakaci rashin kula ne, mai shi bai ƙulla niyyar rage komai ba, abu ne ya kuɓuce masa. Lalaci hali ne da ya fi cutar da mai shi, domin malalaci ko gonarsa ba ya nomewa. Maha'inci kuwa sau da yawa ba malalaci ba ne ko kaɗan. Ku je ku gan shi a shagonsa, ko a gonarsa ta bayan gari, a daidai sa'o'in da ya sayar wa wani. Ƙyuya da ganda na yaron da aka aika ne yana jan ƙafa yana ƙunƙuni. Kunne ma yana jin ƙi a cikin ƙyuya, kuma mai ƙyuya ba ya ɓoye ƙinsa. Zillewa da sulalewa suna ba da hoton fita ne kawai, kamar akuyar da ta zille wa mai riƙe da ita, ko wanda ya sulale daga taro.

Wadda ta cancanci mu tsaya a kanta ita ce noƙewa. Asalinta a jiki take: kunkuru ne yake noƙe kai cikin ƙoƙonsa idan ya ji motsi. Daga nan aka ara wa mutumin da aka kira zuwa ga wani wajibi, gayya ce, ko jana'iza, ko ba da shaida, ko karo-karon gyaran rijiya, sai ya ja da baya. Mai noƙewa bai karɓi aikin ba balle ya rage shi, gudunsa ya yi tun farko. Larabci yana kiran wannan takhalluf, kuma babu inda aka warware shi kamar Suratut Tauba a kan yaƙin Tabuka.

A watan Rajab na shekara ta 9 aka yi kiran. Zafi ya tsananta, dabino ya nuna yana jiran girbi, tafiyar kuma ta kusan kilomita 700 ce daga Madina. Rundunar da ta fita ta kai kimanin mutum 30,000. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya dawo, mutum tamanin da 'yan kai suka zo suna kawo uzuri suna rantsuwa, ya karɓi zahirinsu ya bar zukatansu ga Allah. Mutum uku suka ƙi bin wannan hanya: Ka'abu bin Malik, da Murara bin Rabi'u, da Hilal bin Umayya (R.A.). Ka'abu, wanda mawaƙi ne mai kaifin harshe, da ya ga dama da ya tsara uzurin da zai fid da shi, ya tsaya ya ce ba shi da uzurin komai, hasali ma bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na wannan lokaci ba. Gobe-gobe ce ta cinye shi har runduna ta yi nisa. Aka hana kowa yi musu magana har kwana 50. A kwana na 40 aka umarce su da nisantar matansu. Ana cikin haka wasiƙa ta zo wa Ka'abu daga sarkin Gassan yana zawarcinsa, ya jefa ta a wuta. Sannan aya ta 118 ta sauka da karɓar tubarsu, ana karanta ta har yau.

Me ya raba ukun nan da tamanin da 'yan kai? Dukkansu sun zauna a gida. Ukun sun noƙe, suka zo suka faɗi cewa sun noƙe. Sauran sun noƙe, sannan suka zo neman a rubuta su cikin masu uzuri. Wancan rufin da aka yi a kan noƙewa shi ne ƙasar da ɗan ƙwadago ya ja ya rufe ciyawa da ita. Shi ne kuma hular da aka bari a kan tebur.

Kafin mu wuce, ga wata 'yar fa'ida ga 'yan boko da ke cikinmu. Wasu ɗalibai sun taɓa tambayarmu game da kalmar Ingilishi shirk, wadda take nufin gudun aiki, ko tana da alaƙa da shirka. Babu wata alaƙa, kamannin lafazi ne kawai. Abin da ya fi ba mu sha'awa a tarihinta shi ne, a ƙarni na 17 damfara da zamba take nufi a Ingila, sai a ƙarni na 18 ta koma nufin kauce wa aiki. Wato ita ma ta bi hanyar da ha'inci ta bi a Hausa, daga cuta zuwa gudun aiki, alhali mutanen biyu ba su yi shawara da juna ba.

Komawa ofis

Fuƙaha'u sun kasa ɗan ijara gida biyu. Akwai wanda ake biya a kan aiki, kamar tela. Shi lokacinsa nasa ne, in ya so ya ɗinka da dare, abin da ake binsa riga ce. Akwai kuma wanda ake biya a kan lokaci, shi ne ajir khas, kuma ma'aikacin gwamnati da malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya duk a nan suke. Abin da wannan ya sayar shi ne sa'o'insa. Idan ya zauna a wurin aikinsa ba a kawo masa aiki ba, ladansa ya halatta. Idan kuwa ya ɗauke sa'o'in ya kai wani wuri, ya sayar da abu ɗaya sau biyu ke nan. An damƙa masa haƙƙi, ya rage, ya kuma sa hannu a rajista domin kada a gane. Sharuɗɗa ukun nan sun cika. Saboda haka, ɗan uwa, ka gafarce mu, ba za mu iya janye kalmar ba.

Ƙasar nan ta sha gwada maganin wannan cuta da sanda. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata sama da 10,000. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, har aka riƙa sa manyan mutane masu iyali tsallen kwaɗo a ƙofar ma'aikata saboda makara. Dattawan da ke nan sun ga yadda ofisoshi suka cika da ƙarfe bakwai da rabi, sun kuma ga yadda suka koma yadda suke da aka ɗauke sandar. A watan Fabrairu na 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta ba da sanarwar cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi daga takardar albashi, wanda ya rage wa gwamnati sama da naira biliyan 2 a kowane wata. Ma'aikacin bogi shi ne ƙarshen wannan hanya: suna yana nan, albashi yana fita, mutum babu. Wanda yake zuwa awa biyu cikin takwas ya yi kashi uku cikin huɗu na tafiyar. Dalilin da ya sa sanda ba ta warkar ba yana cikin ma'anar kalmar, domin ha'inci a bayan ido yake rayuwa, sanda kuwa ba ta dukan abin da ba ta gani ba.

Mun san uzurorin, domin a bakinmu suke. Na farko, albashi ba ya isa. Wannan gaskiya ce, ba ma musunta. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta yi tsada, kuma naira 70,000 da aka sanya a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 kowa ya san iyakar inda za ta kai magidanci. Amma wa ake rage wa? Wanda ya yanka albashin ba ya bin layi a asibitin gwamnati, 'ya'yansa ba sa zama a ajin da malami bai shiga ba. Tsohuwar da ta biya kuɗin mota daga ƙauye domin a sa mata hannu a takardar fanshon mijinta, aka ce mata "ya ɗan fita," ita ce ta biya bashin da ba ita ta ci ba. Wanda aka tauye yana da hanyoyi na fili: ya yi ƙorafi, ya nemi izinin yin wata sana'a bayan tashi, ya bi ƙungiyarsa, ko ya ajiye aikin. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na biyu, wai dukiyar gwamnati ba ta kowa ba ce. Ta kowa ce, kuma wannan ne ya sa ta fi hatsari. Wanda ya ha'inci mutum ɗaya ya san ƙofar da zai je ya nemi gafara.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mu kunya, domin namu ne mu masu zuwa karatu. Shi ne fakewa da addini. Malamai sun ce lokacin sallar farilla da alwalarta a cire yake daga ijara ko da ba a ambata ba, babu mai hana ka. Amma sallar Azahar raka'a huɗu ce. Idan an fita ƙarfe ɗaya ba a dawo ba sai uku, to a tambayi kai, nawa ne na salla a ciki, nawa ne na hira a gindin bishiyar masallaci? Nafila ba ta halatta a lokacin da aka sayar sai da yardar wanda ya saya. Ranar Juma'a kuma, surar da ta yi umarni a bar ciniki a tafi salla, ita ce a ayar da ke biye ta ba da damar a watsu a koma neman arziki; ba mu san inda aka samo cewa daga masallaci sai gida ba, in dai ƙa'idar wurin aikin ba haka ta tanada ba. Abokin aikinka wanda ba Musulmi ba, ko Musulmin da ba ya zuwa irin wannan zama, ba ya karanta littattafanmu. Kujerarka yake karantawa. Kuma kada malamanmu na Islamiyya su ɗauka maganar ta tsallake su. Malamin da ya bar yara suna maimaita allo ɗaya da ƙarfi domin a ji daga waje, shi kuwa yana duba wayarsa, ya ja ƙasa ya rufe ciyawa. Haka ɗan kwamitin da ya karɓi muƙami a gaban jama'a, ba a sake ganinsa ba sai ranar ɗaukar hoto.

Sai dai kalma mai kaifi irin wannan ba a wasa da ita. Marar lafiya ba maha'inci ba ne. Wanda ƙarfinsa ko iliminsa ya gaza bayan ya yi iyakar yinsa ba maha'inci ba ne. Wanda ya fito fili ya ce ba zan yi ba sai an biya ni haƙƙina, ana iya saɓa masa a kan hanyar da ya bi, amma bai ɓoye komai ba, sunan bai hau kansa ba. Kuma kalmar tana cin maigida kamar yadda take cin yaro. Suratul Muɗaffifin ta yi narko ga wanda yake karɓa cikakke ya bayar a tauye, ba ta ware mai saye daga mai sayarwa ba. A cikin Bukhari akwai hadisin mutum uku da Allah (S.W.T.) da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi lada. Mai makarantar da yake karɓar kuɗin zango daga iyaye ya riƙe albashin malamai wata uku, ba shi da bakin kiran kowa maha'inci.

An aiko mana da takarda ana tambaya: wanda ya gane ya daɗe a cikin wannan, yaya zai yi da abin da ya riga ya ci? Tuba a kan haƙƙin bayi ba ta cika sai an mayar. Idan mutum ɗaya ne ko kamfani, a je a gaya masa, ko ya yafe ko a biya shi, ko a rama masa sa'o'in da yardarsa. Idan dukiyar jama'a ce, sai mutum ya zauna ya yi kirdadon sa'o'in da ya ɗauke gwargwadon rinjayen zatonsa, ya fitar da kimarsu daga albashi, ya mayar ta hanyar da hukuma ta tanada in akwai. In babu, ko ya tabbata wani ne zai cinye a hanya, malamai da dama sun ce ya sanya ta a cikin maslahar jama'a, zai fi kyau a wurin da ya tauye, kamar magani a asibitin ko benci a makarantar, da niyyar sauke nauyi ba da niyyar sadaka ba, kuma ba tare da an rubuta sunansa a jiki ba. Wanda ba zai iya a lokaci ɗaya ba ya rarraba wata-wata, ya kuma rubuta abin da ya rage a cikin wasiyyarsa.

Lokacin salla ya gabato, a nan za mu dakata. Sauran takardun tambayoyi za mu ɗauke su bayan an idar, in Allah Ya so.